Abin Wuyan Uwar Lungumi

Ran da abin ya soma, Kuluwa daga rafi ta dawo, tulu a ka, ƙwaryar wanki a hannun dama, ɗan damin itace a hagu, kumatunta guda a kumbure kamar mai ciwon haƙori. Mijinta Mantau, maƙerin azurfa na garin Kwarin Baure, yana zaune a zaurensa yana gyaran wani zobe. Ta tsaya a gabansa, ta tofo abin da ke bakinta a kan fatar akuyar da yake aiki a kai.

Dutse ne ja wur, bai kai goro girma ba, sumul, gefe guda a shafe.

Ta ce, "Ga shi nan, Maƙeri. Matan gari duk ka cika musu wuya da azurfa, ni matarka wuyana kamar na kazar da aka fige. A cikin yashi na tsince shi, hannuwana duk kaya, sai na jefa a baki. Abin wuya nake so, kuma wannan karon ba na son jin gobe."

Mantau ya ɗauka ya juya shi. Daga bakin mutum ya fito, amma sanyinsa kamar daga ƙasan rijiya aka ciro shi. Ya yi dariya ya ce, "Ke kome kika gani sai baki, kamar ɗan akuya." Ta harare shi ta shige gida.

Kafin la'asar ta ce yatsun ƙafarta sun yi mata nauyi. Wayewar gari ƙafafun sun daskare har idon sawu, sun yi fari-fari da toka-toka irin na dutsen niƙa. Yayar Mantau, Gaje, ta zo ta ƙwanƙwasa da ludayi, aka ji ƙwas ƙwas. Ta saki ludayin ta ɗora hannu a ka. An yi rubutu an sha, an yi turare, an jiƙa saiwoyi har gidan ya koma warin daji. Ina! Dutse sai hawa yake yi a hankali, ya wuce ƙwauri, ya kama gwiwa.

Kuluwa ba ta yi kuka ba. Hamma kawai take ta yi. Ta ce, "Ba zafi, Maƙeri. Barci nake ji, amma ta ƙasa yake tahowa."

Wannan magana ita ta karya wa Mantau zuciya. Ya koma zaure ya zauna, ya tasa jan dutsen a gaba, ya rasa abin da ke masa daɗi.

Rana ta take tsaka, gari ya yi tsit, ko kaza ba ta motsi. Sai tukunyar ruwan da yake tsoma ƙarfe ta soma tafasa, ba wuta a ƙarƙashinta. Wani kai ya ɓullo daga ciki, sannan kafaɗu, sannan sauran jiki, yana ta fitowa kamar ana zare igiya, har kan ya taɓa rufin zaure ya lanƙwaso. Idanunsa jajaye, a bushe, ba ya ƙiftawa.

Mantau ya ja Bisimilla, ya raɓe da bango, masaba a hannu.

Baƙon ya ce, "Aminci ga mai wuta da guduma. Sauke ƙarfenka, ya kai ɗan Adam, ba yaƙi ya kawo ni ba. Sunana Zangarma, manzon Uwar Lungumi, mai birnin da ke ƙarƙashin tsauninku. Abin da ke gabanka ba ado ba ne. Barcin uwargijiyata ne. A wuyanta yake rataye tun kafin a sari dajin nan. Ta je wanka idon ruwa, zoben abin wuyan ya ɓalle, ruwa ya tafi da dutsen. Tun ranar ba ta runtsa ba, kuma in ba ta runtsa ba, ba mai runtsawa a Lungumi."

Mantau ya tura dutsen da bakin masaba ya ce, "To ga kayanku. Ɗauki, don Allah, ku sakar mini mata."

"Da ɗauka kawai ce, da ban yi maka sallama ba. Matarka ta ɗanɗani barcin da ya fi ƙarfin nama, shi ke cinta. Ba zai sake ta ba sai ya koma wuyan mai shi, cikin gidansa na azurfa. Mu kuwa ba mu iya liƙi ba. In mun hura, kome narkewa yake yi, ba mu san wutar da ke tsayawa a rabi ba. Kai ka santa. Ɗauki kayan aikinka ka biyo ni."

Mantau ya saɓa zuga-zugi ya shiga ɗaki. Dutse ya kai wa Kuluwa cinya. Ya ce mata zai je nemo magani, ta dube shi ta ce, "Da zuga-zugi a kafaɗa? Kai dai ba ka iya ƙarya ba. Je ka, amma ka yi sauri, ka san halinka in ka sami azurfa a hannu."

Ya ce wa Gaje, "Yaya, kada ki bari ta yi shiru. Ki yi ta janta da hira."

Ya ɗaure uwar maƙera da masaba da awartaki da magagari da gawayin ƙirya a cikin fatar, ya soke bututun da yake hura wuta da baki a ɗamara, ya sa dutsen a hula. Zangarma ya nuna masa tukunya. Tukunyar da kan yaro ba zai shiga ba! Mantau ya rufe ido ya tsoma ƙafa, sai ya ji ya zurma.

Ya faɗo a kan wani fili da ba iyaka. Sama a kusa take kamar rufin bukka, launin toka, ba rana, ba inuwa. Ciyawar wurin siraran wayoyi ne, in iska ta kaɗa sai su yi ta ƙara kamar sauro.

Zangarma ya ce, "Ka ji gargaɗina. Duk abin da ke numfashi a ƙasar nan yunwar barci yake ji, kai kuwa warinsa kake yi. Kada ka yi hamma."

To, ka san halin hamma, ambatonta ma kiranta ne. Ba su yi nisa ba Mantau ya ji muƙamuƙinsa yana buɗewa. Ya danne, ya danne, rabi ya kuɓuce. Tirƙashi! Sama ta yi baƙi. Tsuntsaye ne masu dogayen bakuna kamar tsinke, idanunsu ba fatar rufewa, suka sauko suna neman bakinsa su tsotse hammar tun daga maƙogwaro. Ɗaya ya tsaga masa leɓe. Ya cusa bakin rigarsa a baki, ya durƙusa, ya zaro masaba ya shiga dukan uwar maƙera da iya ƙarfinsa. Ƙarar baƙin ƙarfe ta watsa su kamar an jefa dutse cikin 'yan tsaki. Shi kansa Zangarma sai da ya toshe kunnuwa ya ja da baya.

Daga nan suka iso wani kogi baƙi ƙirin, ba ya ƙara, ba ya kumfa. Ba kwalekwale, ba gada. Suka shiga da ƙafa. Ruwan ɗumi gare shi kamar na wankan jego, ga tabarmi da matasai suna yawo a kai, sababbi, masu laushi. Da ruwa ya kai masa ƙirji sai ya ji muryar uwarsa, wadda ta daɗe a ƙasa, tana rarrashi kamar yadda take yi masa yana goye: kwanta, Auta, ka gaji, kwanta. Idanunsa suka soma lumshewa. Wani matashin kai ya matso ya goge shi a kumatu. Wayyo, daɗi! Ya lallaba ya zaro awartaki, ya kama kunnensa ya matse har jini ya bi wuya. Haka ya haye, yana kuka yana matsawa.

A can gaba tsauni ya tsage biyu, ƙofar birni ke nan. A bakinta wani tsoho yana zaune, fuskarsa ba idanu sam, fata ce shafe daga goshi har hanci, sai kunnuwa manya kamar faifai. Gabansa ma'auni ne na ƙoƙon kunkuru biyu, kowane ya isa mutum ya zauna.

Tsohon ya ce, "Wa ke tafe da warin gawayi?"

Zangarma ya ce, "Maƙerin da aka aika a kira, ya Mai Ƙofa."

"Hau, ɗan Adam." Mantau ya hau ƙoƙo guda da kayansa, ɗayan ba kome a ciki, amma ma'aunin bai motsa ba. Mai Ƙofa ya ce, "Wannan ma'auni bai san nauyin nama ba, bai san na ƙarfe ba. Abin Lungumi kaɗai ya sani, ban da dutsen da ke komawa gida. Abin da ka bari a ciki, mun gode. Abin da ka ɗauko, ko ƙwayar yashi ce, ba ya fita, kuma abin da ke riƙe da shi ba ya fita. Ka ji?"

"Na ji, ranka ya daɗe."

"Kowa haka yake cewa. Wuce."

Birnin Lungumi duk na azurfa ne, bango da daɓe da rijiyoyi, amma ba mai sha'awar kallo. Mutanensa suna tangaɗi a lungu-lungu, wasu dogaye kamar giginya, wasu ba su kai turmi ba, kowa ido jajir. Wata tana jijjiga jaririn da ya yi kuka har muryarsa ta ƙare. Wani yana buga kansa da bango a hankali, ba fushi, ba gaggawa. Da Mantau ya gifta sai su juyo suna shinshina.

Uwar Lungumi tana zaune a kan wani falalen dutse, gashinta ya zubo ya rufe matakala. Fatar idanunta ta kumbura, jijiyoyi sun fito. Da ta yi magana sai da ƙura ta zubo daga rufi.

"Kai ne mijin mai kwaɗayi?"

Mantau ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, "Ni ne, ranki ya daɗe. Ba kwaɗayi ba ne, hannuwanta ne cike da kaya."

"Ban tambaye ka dalili ba. Saurara, don ba ni da ƙarfin maimaitawa. Ka gina wa barcina gida, ka rataya mini da hannunka. Sannan ka koma, ka hura wa matarka numfashinka a ƙirji ta bututun da ka yi liƙi da shi, barcin zai sake ta. Abin da ya ci daga wuya zuwa ƙasa zai mayar. Abin da ya ci sama da wuya ya ci ke nan. Ni ma ban isa in karɓo ba."

Aka kawo masa curin azurfa a faranti. Ya shimfiɗa fatarsa, ya haƙa ɗan rami ya zuba gawayi, ya kafa zuga-zugi. Da ya zazzage kayan ƙarfe sai fadawa suka ja da baya suka yi masa da'ira mai faɗi. Ya ajiye jan dutsen nesa da wuta. Da ya leƙa cikinsa sai ga ɗakinsa, ga Gaje tana fifita, ga Kuluwa a kwance, dutse ya kai mata ƙugu.

Ya narka azurfa a kasko, ya zuba, ya bari ta sha iska, ya shiga bugu. Ya buga ya mayar wuta, ya buga ya mayar, har ta yi faɗi kamar ganye. Ya yanke gindi, ɗan faifai mai siffar ganyen magarya. Ya yanke siririn ɗauri, ya naɗa shi a jikin dutsen don ya ɗauki awo, sanyi ya ratsa shi har haƙori. Ya cire, ya goge bakunan biyu da magagari har suka haɗu ba hasken da ke ratsawa.

Saura sinadarin liƙi. Azurfa zalla ba ta liƙe azurfa, sai an gauraya ta da abin da zai sa ta riga 'yar'uwarta narkewa. Ya ce a ba shi tagulla. Fadawa suka dubi juna. A Lungumi ba a san wani ƙarfe mai ƙasƙanci haka ba. Mantau ya zare zoben tagullar da ubansa ya sa masa ran da ya fara riƙe guduma, ya gutsure shi, ya narka da azurfa, ya buga, ya yayyanka ƙanana kamar tsabar gero.

Ya shafa ruwan kanwa a gaɓar, ya ɗora tsaba guda, ya kafa bututu a baki. Nan fa aikin yake. Numfashi ɗaya ne dogo, ba yankewa, ana shaƙa ta hanci ana hurawa ta baki. Azurfa ta yi ja, ta yi jan gauta, sinadari ya yi rawa, sai ya sheƙa cikin gaɓar kamar hawaye. Ya ɗauke wuta nan take. Fadawa suka yi wani gurnani na mamaki.

Ya ɗora ɗaurin a kan gindi, ya jera tsaba a ciki, ya sake hurawa, wannan karon da wuta mai sauƙi don kada liƙin farko ya saki. Ana tsakiyar haka wani bafade da ƙaiƙayin kallo ya ishe shi ya matso ya saki numfashi. Wuta ta yi tsalle, gefe guda ya lotsa ya zube.

Mantau ya manta a inda yake. Ya daka masa tsawa, "Kai, matsa can! Uban wa ya kira ka?" Uwar Lungumi ta ɗaga yatsa guda, ƙasa ta buɗe ta haɗiye bafaden, ta rufe. Mantau ya leƙa dutse. Na jikin Kuluwa ya wuce cibiya. Ya sake yanko wani ɗaurin, ya koma farko.

Da gida ya zauna, ya murɗa waya biyu ya kewaye shi, ya lanƙwasa zobe mai kauri ya liƙa a sama, ya ja shi da awartaki ya ga ba ya motsi. Ya dafa abin cikin ruwan tsamiya da gishiri har baƙin wuta ya fita, ya bi shi da magagari, ya goge da toka. Zangarma ya kawo masa ruwa ya wanke hannu tas, ya kakkaɓe riga da gemu.

Dutse shi ne ƙarshe, don ba ya shiri da wuta. Kafin ya sa, ya leƙa sau ɗaya. Na jikin Kuluwa ya kai ƙirji. Bakin Kuluwa yana motsi, da alama Gaje take ba amsa. Ya jefa jan dutsen cikin gidansa, ya zauna daram. Ya ɗauki ƙarfe mai dakusasshen baki ya danna leɓen azurfa a kansa, nan da can, gaba da baya, har ya rungume shi ko'ina. Ya zura igiya, ya tattaka gashin Uwar Lungumi ya hau, ya rataya mata.

Ta ja wani dogon numfashi. Idanun nan suka soma saukowa. Ta ce, "Ka iya, ɗan Adam. Yi gudu. In na yi nisa, Mai Ƙofa ma zai bi ni, kuma barcinmu ba irin naku ba ne."

Fadawa suka fara zubewa ɗaya bayan ɗaya. Mantau ya durƙusa yana tattara kaya.

To, a nan ne fa. Kowane maƙerin azurfa, in ya gama aiki, garin da magagari ya zubar a kan fata nasa ne. Haka aka gada, ba sata ba ce, ba mai tambaya. Tun Mantau yana ɗan mitsitsi ake dukan hannunsa in ya bar ƙwaya guda. Kansa yana wajen Kuluwa, hannunsa kuwa yana yin abin da ya saba. Ya karkata fatar, ya tara garin a tsumma, ya ƙulle, ya cusa a hula. 'Yan burbushin da suka maƙale ya lashi yatsu uku, babba da manuni da na tsakiya, ya dangwale su tsaf. Wallahi bai san ya yi ba.

Ya ratsa birni da gudu yana tsallake masu barci. Ya tarar da Mai Ƙofa yana gyangyaɗi, tsagin tsauni ya soma matsewa.

"Hau," in ji tsohon.

Ya hau. Ƙoƙo ya yi ƙasa, ƙwal, ya bugi dutse.

Mantau ya taɓa hula. "Innalillahi!" Ya fizgo tsumman ya jefar. Ƙoƙo ya taso, ya taso, ya tsaya saura kaɗan. Ya jefar da fatar, ya jefar da magagari, ya tuɓe riga da hula. Saura kaɗan ɗin nan bai tafi ba.

Mai Ƙofa ya karkata kunne ya ce, "A hannunka na dama nake jin ta. Yatsu uku. Ka jiƙa ta da yawu, ta shige nama kamar gishiri a miya."

Mantau ya duba. Kan yatsun suna ƙyalli daga ciki. Ya goga a dutse, ya tsotsa, ya tofar. Ko gezau.

"Ba ta wankuwa. Sa su a bakin ƙoƙo, ya karɓi nasa, ka wuce."

"Yatsuna? Ranka ya daɗe, da su nake ci. Ba yadda za a yi a kankare fatar kawai?"

Tsohon ya yi hamma, tsauni ya ƙara matsowa. Ya ce, "Ina jin dutse yana tafiya a gidanka. Ya kama kafaɗa."

Kai, Mantau! Mutum ya ratsa tsuntsaye, ya haye kogi, ya yi wa bafaden aljanu tsawa a gaban uwargijiyarsa, sai a nan ya tsaya ciniki kamar yana rumfar kasuwa. Ya ɗauko magagarin da ya jefar ya shiga gurzar kan yatsunsa. Fata ta tafi, jini ya zuba, ƙyallin yana nan a ƙasa.

Ya ce, "To a ɗauki na hagu, duka biyar."

"Na hagu ba su ɗauki kome ba."

"A ɗauki biyu, a bar mini babban. Don girman wanda ya halicce ka. In ba babban yatsa ba na riƙe awartaki, ba na riƙe kome. Na mutu ke nan ina tafiya."

"Ba ni ke yanke farashi ba, ɗan Adam." Muryar tsohon ta yi nauyi, kansa ya faɗo ƙirji ya sake tasowa. "Ya kai wuya."

Sai a sannan Mantau ya farka. Ya yi ihu ya cusa yatsun uku a bakin ƙoƙo. Ƙoƙo ya rufe, ƙaras, ya buɗe. Ba zafi a lokacin, sanyi kawai. Ma'auni ya daidaita. Ya matsa ta tsagin tsauni a karkace, dutse ya ɗebe masa fatar baya, ya ji ƙofar ta haɗe a bayansa.

Bai san yadda ya haye kogin ba. Tabarmin sun nutse, muryar ta yi shiru. A filin wayoyi tsuntsayen nan suna zube a ƙasa, kowane ya cusa kai a fiffike. Ya yi ta gudu, ba riga, hannu a hammata, bututu a haƙori, har ya hango wata 'yar da'irar haske a sama, girman bakin tukunya. Ya yi tsalle.

Ya faɗo a zaurensa, tukunya ta fashe, ruwa ya malale. Ya rarrafa ya shiga ɗaki. Gaje ta gan shi ta ƙwala ƙara. Kuluwa tana kwance, toka-toka har haɓa, leɓunanta a buɗe kaɗan, idanunta ne kawai ke da rai.

Ya riƙe bututu da hagu, ya kafa mata a ƙirji, ya hura irin hurin liƙi, dogo, ba yankewa. Wurin ya yi ɗumi. Launin mutum ya soma dawowa, ya bazu zuwa kafaɗu, ya gangara ciki, cinya, gwiwa. Yatsun ƙafa suka motsa. Gaje tana kuka tana hamdala. Kuluwa ta yunƙura ta tashi zaune, ta dafa ƙasa, ta dube shi, ta dubi hannunsa da ke ɗigar jini. Idanunta suka cika. Ta buɗe baki.

Ba abin da ya fito.

Ta sake gwadawa. Ta sa yatsa ta taɓa haɓarta, ta taɓa harshenta. Suka ji ɗan ƙwas.

Gaje ta share hawaye ta ce, "Yanzun nan fa take magana, Auta. Har lokacin da dutsen ya kai mata wuya. Ta ce in ka shigo in gaya maka wata magana, sai ta ce a'a, bari, ga shi nan tafe, ita za ta faɗa maka da kanta."

Mantau ya san lokacin. Ya san kalmar da ke bakinsa a lokacin, da yatsan da yake roƙo a bar masa. Ya durƙusa a gabanta ya ce, "Kuluwa, faɗa mini. Ko zagi ne, zage ni."

Ta girgiza kai. Ta yage gefen zanenta, ta jawo hannun nasa ta ɗora a cinya, ta shiga naɗe masa a hankali, tana kula kada ta fama. Shi kuwa yana ta kallon bakinta, yana jira.